Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Mu huɗu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, sai mace ɗaya, ita ce auta. A nan Badun aka haife mu duka, kuma tun da muka yi wayo ba mu taɓa tambayar kanmu yadda kwanon da muka ci tuwo a ciki da dare yake wayar gari fes a kan kanta ba. Namu dai mu ci, mu ture kwano, mu miƙe. Inna ce take wanke-wanke shekara da shekaru, har ciwon gaɓɓai ya kama 'yan yatsunta, ruwan sanyi ya zame mata abokin gaba. Daga nan aikin ya gangara kan Auta tana 'yar shekara tara, babu wanda ya yi shawara da ita.

Wannan ne ya sa da babban wanmu ya kama aiki a Ikko, ya tara albashinsa ya sayo injin wanke-wanke na hannu, ƙirar Turai. Aka kafa shi a kicin kusa da famfo, maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Shekara biyu yana aiki ba fashi, mu kuwa muka ƙara miƙe ƙafa, domin a ganinmu an riga an share wa mata hawaye.

Ranar wata Alhamis da dare, saura mako uku Auta ta fara jarrabawar fita sakandare, sai injin ya tsaya yana gurnani kamar wanda abu ya maƙale wa a maƙogwaro. Da muka buɗe, sai ga ruwan dauɗa kwance a gindinsa, manja na yawo a kai. Nan take muka ɗora wa masu wuta laifi, kamar yadda muka saba. Muka duba soket, muka sauya fis, alhali kuwa 'yar fitilar injin tana nan a kunne tana ƙaryata mu. Kashegari muka kira wani mai gyara, ya zagaya injin sau biyu, ko sukundireba bai ciro ba ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙone, ya yanka kuɗin da ya kusa rabin abin da aka saye shi. Muka ce za mu neme shi.

Baba tsohon makanikin manyan motoci ne, kuma bai taɓa taɓa injin nan ba. Ranar Lahadi ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar kicin, ya ce, "Samari, kafin ku ce abu ya lalace, kun san aikin da yake yi in yana da lafiya?" Muka yi tsuru-tsuru. Sai ya sa muka lissafa da bakinmu: injin yakan ja ruwa, ya ɗumama shi, ya watsa shi a kan kwanuka ta ƙofofin wasu hannuwa masu juyawa, sa'an nan ya zuƙe shi ya fitar. Ya ce, "To, aiki huɗu ke nan. A wanne ya tsaya? Ruwa ba ya tsami banza." Tun da ruwa ya shiga ya ƙi fita, ashe wajen fitarwar za mu nufa. Kafin mu sa hannu ya ce a zare wayar daga bango a kuma rufe famfo, domin ruwa da lantarki ba sa zama inuwa ɗaya, kuma wutar gidajenmu bolt 230 ce, ba ta san wasa ba.

Muka kwashe ruwan da kofi da soso. A gindin injin akwai matata, wadda ake murɗawa a ciro, kuma ƙa'ida ita ce a riƙa wanke ta a kai a kai. Tamu ba wanda ya taɓa ta tun da Auta ta shiga aji shida ta rage shiga kicin. Abin da muka tarar a ciki ya ishe mu kunya: ƙanzon tuwo, da ɓawon tattasai, da ƙayar kifi, duk manja ya daskare ya haɗe su kamar siminti. A ƙarƙashinta akwai ɗan murfi da ya rufe famfon da ke fitar da ruwa. Da muka ɗaga shi muka haska tocila, sai ga ɓallin gilashi da tsinken sakace sun tokare 'yar farfelar da ke ciki. Gurnanin da muke ji, wato motar famfon ce take son juyawa an riƙe ta. Ɗaya daga cikinmu ya sunkuyar da kai, domin ya tuna kofin da ya fashe masa a cikin injin ya tsince manyan ɓallin ya yi shiru. Ba za mu faɗi ko wane ne ba, tun da ƙanzon na kowa ne.

Muka cire, muka wanke, muka jawo injin muka miƙe tiyon bayansa da ya lanƙwashe. Sai murna ta sa muka yi wauta ta biyu. Sabulunsa na musamman ya ƙare, muka tsiyaya masa na ruwa irin na wanke-wanken hannu. Ba a yi minti goma ba kumfa ya fara fitowa ta gefen ƙofa, ya malale kicin har tsakar gida. Sabulun injin an yi shi ne don kada ya yi kumfa, domin kumfa yana hana famfo samun ruwan da zai tura. Sai da muka ɗauraye shi sau uku. Rashin sani ya fi dare duhu.

Duk da haka aiki bai ƙare ba, don yanzu sai ya daɗe yana jiran ruwa, ya gaji ya tsaya. Baba ya ce mu koma aiki na farko. Irin waɗannan injuna an ƙera su ne don garuruwan da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi. Mu kuwa daga tankin sama muke sha, kuma ƙarfin ruwan tanki yana ga tsawon hasumiyarsa: kowace mita 10 takan ba da abin da masana ke kira ba ɗaya, injuna da yawa kuwa suna bukatar aƙalla rabin haka, wato mita 5. Namu tankin da ƙyar ya haura wannan. A bakin tiyon da ke shigar da ruwa muka tarar da wata 'yar rariya da ba ta fi girman kwabo ba, yashin rijiyar burtsatse ya toshe ta. Tsohon buroshin haƙori ya gama da ita. Muka bi ƙofofin hannuwan masu juyawa da allura ɗaya bayan ɗaya. Ran kwana na tara injin ya ja ruwa, ya ɗumama, ya watsa, ya fitar, ba mu kashe ko sisi a kan ƙwaƙwalwa ba.

Amma fa akwai abin da muka tsallake a wannan labari, kuma shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Kwana huɗun farko, muna can muna gardamar fis da soket, ba wanda ya tambayi wa ke wanke kwanukan mutum tara. A dare na huɗu ɗayanmu ya fito shan ruwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya tarar da Auta tsugune a bakin rariya, littafin kimiyyarta jingine da bokiti, Inna kuma a gefe tana ɗauraya da kumburarrun yatsunta. Ya ce, "Auta, ba ki kwanta ba?" Ta ce, "Yaya, in na kwanta da me za ku karya?" Tun daga daren muka karɓi soso, bibbiyu, har aka gama gyara.

Daga baya muka karanta cewa mace ce ta ƙirƙiro injin farko da ya karɓu, Josephine Cochrane ta jihar Illinois a Amurka. Ta sami takardar mallakar fasaharta a 1886, ta baje shi a babban bikin baje koli na Shikago a 1893, kuma otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye, gidaje ba su rungume shi sosai ba sai daga shekarun 1950. An ce abin da ya tunzura ta shi ne yadda masu yi mata aiki ke ɓantare mata tangaran. Ita tangaran take karewa, wanmu kuma yatsun Inna, mu kuwa lalacinmu muka samar wa mafaka.

Yanzu akwai takarda manne a bangon kicin da sunayenmu huɗu. Kowa yakan kankare kwanonsa kafin ya sa, mai ranar Asabar ya wanke matata, manyan tukwane kuwa, da ma ba sa shiga injin, duk wanda ranarsa ta zo shi ke da su. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa mun bar wa hannu ɗaya ita shekara da shekaru. Auta ta rubuta jarrabawarta ta ci. Ran da sakamako ya fito ta tsaya gaban takardar nan ta karanta, ta ɗauki biro za ta ƙara sunanta a ƙasa, Baba ya ce ta bari tukuna, akwai bashin shekara shida da ba a gama biya ba.