Kuntigin Ɗanmaraya da Karen Mota

A Bukuru aka haifi Adamu Ɗanmaraya Jos a 1946. A ganina girmansa yana cikin mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. Makaɗan fada sarakuna suke wasawa. Shi kuwa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya waiwayi karen mota da yarinyar da aka yi wa auren dole. Wani zai ce ai shi ma ya wasa attajirai da masu mulki. Haka ne, mawaƙi da kyauta yake ci, ba a raba shi da ƙofar mai hali. Sai dai tun rasuwarsa a 2015, waƙoƙin talakawan nan ne suka fi zama a bakin mutane, domin waɗanda aka yi wa su suna nan a kowace tashar mota.