Ƙasar Adar a bisa tsohon ƙyaure

A jihar Tawa babu hanyar jirgin ƙasa. Albasar Galmi da ta Madawa manyan motoci ne suke ɗaukar ta. Tabarmin Madawa ma haka. Da yawa daga cikinku ba ku taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Ni ma sai da na girma na je Kano sannan na gan shi. A can ya daɗe. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. A nan Nijar an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai yi jigilar mutane da kaya ba. A 2021 kuma aka aza harsashin wata hanya mai kilomita 284, wadda aka shirya ta tashi daga Kano, ta bi ta Katsina da Jibiya, ta iso Maraɗi.

A ƙasashen Turai akwai mutane, manya da furfurarsu, waɗanda suke wasa da ƙananan jiragen ƙasa. Suna shimfiɗa ɗan dogo a bisa tebur, su gina duwatsu da gonaki da garuruwa kewaye da shi. Suna da ma'auni. Wanda aka fi sani shi ne a rage kowane abu sau 87. Shi ya sa faɗin dogonsu yake milimita 16 da rabi, tun da faɗin babban dogo mita 1 ne da milimita 435. A birnin Hambug na ƙasar Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001, ana ce masa Miniatur Wunderland. Ba kome a cikinsa sai irin wannan aiki, kuma mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo.

Ni malami ne a wani ƙauye na ƙasar Buza, kusa da kwarin Majiya. Wata shekara, bayan an gama girbi, na yi wa ƴan ajina wannan labari. Suka ce su ma za su yi. Jirgin bai ba su wuya ba. Yaran da suka saba ƙera mota da kara da waya, mene ne jirgi a wurinsu? Cikin kwana biyu suka haɗa shi da gwangwanayen kifi, suka yi dogo da waya biyu da tsinkayen ashana. Aikin da ya ci mana wata uku shi ne ƙasar da jirgin zai ratsa.

Muka fara da lissafi. Mun ga 87 tana da wuyar rabawa, sai muka ɗauki 100. Kowane santimita 1 a wurinmu mita 1 ne a daji. Mutum bai kai santimita 2 ba, kamar ƙwayar gujiya. Rumbu mai mita 3 ya zama santimita 3. Gawo mai mita 15 ya zama santimita 15, bai cika taƙin babban mutum ba. Wani kafinta ya ba mu tsohon ƙyaure mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80. Ku lissafa da kanku: filinmu duka mita 200 ne a tsaye, 80 a kwance. Gonar hatsin gida guda ma ta kan fi haka. Ga shi kuwa yara suna son dutsi da ƙorama da fadama da gari, duk a bisa ƙyaure ɗaya. Sai muka yi abin da masu wannan wasa suke yi ko'ina: muka bar mutane da itatuwa da ɗakuna a kan ma'auni, muka matse nisan da ke tsakaninsu.

Dutsin Adar ba ya da tsini. Ku duba shi da safe in kuna zuwa makaranta. Kansa a baje yake kamar faifai, baƙaƙen duwatsu sun rufe shi, sannan gefensa ya gangaro zuwa kwari. Yaron da ya fara gina mana dutsi ya yi shi da tsini, irin wanda ya gani a littafi. Na ce masa ya fita ƙofar aji ya duba gabas. Ya dawo yana dariya, ya sa wuƙa ya yanke kan.

Ba a gina dutsin da laka zalla, don nauyi zai karya ƙyauren. Muka dunƙule takardun buhun siminti, muka kifa sakaina a bisansu, sannan muka shafe da yumɓu. Wata yarinya, ɗiyar magini, ta ce a cuɗa yumɓun da ƙaiƙayi da kashin jaki kamar yadda ake yi wa rumbu, in ba haka ba zai tsage. Muka bi maganarta, bai kuwa tsage ba.

Launin ƙasa ba mu saye shi a kanti ba. Na aiki yara uku uku da gwangwanaye. Wasu suka ɗebo jar ƙasa a gindin dutsi, wasu farin rairayi a cikin ƙorama, wasu baƙar laka a fadama. Muka shanya, muka daka, muka tankaɗe da rariya. Muka jiƙa ƙaro ya kwana, muka shafa ruwansa a bisa yumɓun, muka barbaɗa kowace ƙasa a wurinta. A nan ma lissafi ya biyo mu. Tsakuwa mai santimita 1, in ka aza ta a bisa ƙyauren, ta zama dutsi mai mita 1, wanda ko ƙarti huɗu ba su ɗaga shi. Dutsin da mace take ɗauka a kai, a wurinmu ƙwayar yashi ce mai kauri. Ruwan tabki kuma, yara sun so su shafa masa shuɗi. Na tambaye su wa ya taɓa ganin shuɗin tabki a Adar. Muka shafa laka mai ruwan ƙasa, muka rufe da farar leda.

Itatuwa su ne suka fi ba ni daɗi. Kafin mu fara, na sa kowane yaro ya zaɓi itace guda, ya zauna nesa da shi, ya zana siffarsa. Ba ganye nake so ya zana ba, tsayuwar itacen nake so. Kuka tana da ƙaton ciki da gajerun hannuwa. Goriba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Aduwa a cukurkuɗe take, rassanta suna zubowa ƙasa. Sabara da anza ba su da gindi guda, a tattare suke fitowa.

Kuka muka yi ta da yumɓu, muka soka mata ƴan saiwoyi a kai. Ga sauran manyan itatuwa, wani yaro makiyayi ya kawo mana dabara. Ya tono saiwar busasshiyar sabara, ya wanke ta, ya juya ta sama ta koma ƙasa. Sai ga itace da gindi da rassa da ƙananan rassa, babu abin da ya rage sai ganye. Bagaruwa da goriba da waya muka yi su. Mai gyaran keke ya ba mu tsohuwar wayar birki. Ita wannan waya siraran wayoyi ne da yawa aka murɗe. In ka bar ƙasanta a murɗe ka warware samanta, ka sami gindi da rassa.

Ganye muka yi shi iri biyu. Na manyan itatuwa, muka yayyage tsohon soson katifa ƙanana ƙanana, muka tsoma a ruwan ƙaro, muka birkiɗa a garin lalle. Na ƙananan itatuwa, dusar katako ce muka cuɗa da lallen. Garin kuka ma kore ne, ga shi da araha, amma na hana. Abinci ne, kiyashi da ɓera za su bi shi. Ciyawa kuma zaren tsohon buhun algarara ne muka yanyanka, don launinsa daidai yake da na busasshiyar ciyawa.

Rannan gardama ta tashi. Wani yaro ya yi gawo cike da ganye, ya kuma shuka masa koren hatsi a ƙarƙashi, ya kai ƙugu. Aikin ya yi kyau. Wata yarinya ta duba, ta ce:

"Malam, wannan ba shi yiwuwa."

Na ce: "Don mi?"

Ta ce: "In hatsi ya yi kore, gawo ba shi da ganye. In gawo ya yi ganye, an riga an yanke hatsi."

Gaskiyarta. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, shi ya sa manoma suke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana. Dole muka zaɓi lokaci guda. Muka zaɓi lokacin ɗari. Gawo da ganyensa, kuka tsirara, gonakin tudu sai kututturan kara, fadama kaɗai take kore da fangalin albasa. Yaron ya tuge hatsinsa yana ɓata rai.

A cikin kwarin muka jera dogon yaro, layi biyu biyu. Wannan kun san shi, kuna bi ta ƙarƙashinsa. Ba da kansa ya fito ba. A 1975 ne ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoman Majiya suka fara dasa shi don ya tare iskar da take kwashe ƙasar gona. Tsakanin jeri da jeri mita 100 ne. A ma'auninmu mita 1 ke nan, rabin ƙyauren. Jeri biyu kawai muka samu muka sa.

Gefen dutsin kuwa yara suka cika shi da itatuwa tun daga sama har ƙasa. Ana nan sai kakar wani ɗalibi ta zo kallo, don ta ji labari a gida. Mutuniyar Keita ce, aure ya kawo ta garinmu. Ta daɗe a tsaye. Can ta ce mini:

"Ɗana, wanga dutsi na wace shekara ne?"

Na ce: "Inna, ban gane ba."

Ta ce: "Sa'adda munka ɗauki duwatsu a Keita, ko tsinken sakace babu bisa dutsi."

Na ba ta kujerata, yara suka zauna ƙasa. Abin da take nufi shi ne aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984, shekarar babban fari. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM tana biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi cin rani, mata ne suka yi yawancin aikin. A bisa tudu suka jera duwatsu don su tsai da ruwa. A gangare suka haƙa ramuka a gicciye, suka dasa itace a kowane. A cikin ƙoramu aka cika ragar waya da duwatsu aka datse. Miliyoyin itatuwa aka dasa. Tsohuwar ta nuna wa yara tsakiyar kanta, inda gammo yake zama.

Da ta tafi, yara suka raba dutsin biyu. Gefe guda suka tuge itatuwan, suka bar shi fako, suka tsaga masa kwazazzabai da ƙusa. Ɗaya gefen suka jera masa ƙwayoyin yashi da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, suka tona ramuka da bakin ashana, suka mai da itatuwan. Jerin duwatsun nan kaɗai ya ci kwana shida.

Wasu ba su yarda ba cewa ɗan jerin duwatsu yana iya tsai da ruwa. Ba mu zuba ruwa a bisa ƙyauren ba, don ƙaro narkewa yake yi. Muka fita filin makaranta, muka tara tsibin ƙasa biyu masu girma ɗaya. Muka kewaya ɗaya da tsakuwa layi layi. Muka huhhuda gwangwani da ƙusa, muka yi musu ruwan sama, kowane gwangwani biyar. Tsibin da ba shi da tsakuwa, ruwan ya gangaro ja wur, ya tsaga shi gida uku. Mai tsakuwa kuwa, ruwan ya tsaitsaya a bayan kowane layi, ya nutse, abin da ya iso ƙasa kaɗan ne. Sai wani yaro ya ɗauko sanda ya gicciya a gindin tsibin farko, ya ce wannan dogo ne, a ƙara ruwa. Ruwan ya taru a bayan sandar, ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinta, ya wuce. Da muka koma aji, shi da kansa ya yanke bututun tsohon biro, ya yi wa dogonmu magudanai uku da gada a bisa ƙorama.

Saura wurin da dogon zai bi. Tun da fari kowane yaro ya yi fangalin gidansu a fadama da koren zare, ya sa rijiya, wasu har da rudun ajiye albasa. Fadama ce wurin da ya fi shimfiɗuwa, jirgi kuwa ba ya son hawa, don ƙafar ƙarfe a bisa ƙarfe santsi gare ta. In aka miƙe dogon, zai ci fangali huɗu da rijiya guda. In aka kauce ta gindin dutsi, zai bi ta bayan gari inda yara suka sa makabarta, kuma waya ba za ta isa ba.

Mai rijiyar ta ce ba a taɓa rijiyar babanta. Wani ya ce ai za a biya shi. Ta ce a biya shi da mi, in kuɗi sun ƙare ina zai sami wata fadama? Ɗan mai saye da sayar da albasa ya ce in jirgi ya zo, buhu zai kai Kano bai ruɓe a hanya ba, kowa zai ci riba. Suka juyo wurina. Na ce su je su tambayi iyayensu, gobe kowa ya kawo amsa.

Kashegari amsoshin suka zo, ba su daidaita ba. Har baban yarinyar ya aiko ta da tambaya, wai a gaya masa ko da gaske ne gwamnati za ta kawo jirgi ta fadama. Na aika masa cewa aikin aji ne kawai. Aka yi ƙuri'a da tsakuwa: 23 suka zaɓi fadama, 19 suka zaɓi gindin dutsi. Aka shimfiɗa dogon ta fadama. Yarinyar ta sa wuƙa ta ɓamɓare rijiyarta da fangalinta, ta ƙulle su a bakin zanenta, ta tafi da su gida.