Dracula ba maye ba ne

Raina na ɓaci idan na ji masu fassara fim suna kiran Dracula maye. Maye a labaranmu rayayye ne, kurwa yake kamawa. Shi kuwa wancan, na littafin Bram Stoker na 1897, gawa ce mai tashi cikin dare ta sha jini.

Tsoron ya girmi littafin. A 1725 mutanen wani ƙauye a Sabiya suka tone kabarin Petar Blagojević, suka ga jini a bakinsa, suka cake shi da itace. Alhali iskar ruɓewa ce ke turo ruwan nan.

Su dai gawa suka zarga. A unguwarmu kuwa, yaro na fara sambatun zazzaɓi sai a jawo wata tsohuwa, a ce sai ta tsallake shi.