Yadda Na Zaunar da Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne da ya ci abincinsa da ƙafa. Da damina yana noma gero da wake da aya a wani ƙauye tsakanin Gazawa da Agye. Da rani kuma sai ya sayi awaki, jajayen nan na Maraɗi da ake yabon fatarsu, ya kora su daga wannan kasuwa zuwa waccan. Bai taɓa mallakar babur ba, bai kuma ga dalilin ba ɗan kabu-kabu kuɗi a kan tafiyar da zai gama tsakanin asuba da hantsi ba. Ni na raba shi da wannan tafiya, kuma a lokacin gani nake duk dangi babu mai jinƙaina.

Ciwon ya soma masa ne daga babban yatsan hannun dama. In yana zaune sai yatsan ya riƙa motsi kamar mai jan carbi, in ya miƙa hannu zai ɗauki abu sai ya lafa. Daga baya takunsa ya gajarta, ya daina kaɗa hannun in yana tafiya, murya ta yi ƙasa, fuska ta daskare har jikokinsa suka ɗauka fushi yake da su. Kowa a gari da nasa bayanin: wani ya ce tsufa ne, wani ya ce iska, wani ya ce hannu aka sa masa saboda cinikin awaki. An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa saiwoyi. Sai da muka kai shi Maraɗi, likita ya sa shi ya yi ta kai da komo a gabansa, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu ya miƙar, sannan ya ce cutar Parkinson ce.

Sunan wani likitan Landan ne, James Parkinson, wanda ya fara bayyana alamominta a rubuce a 1817. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke samar da wani sinadari, dofamin, wanda ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Su ne ke mutuwa sannu a hankali. Maganin da aka fi dogara da shi tun ƙarshen shekarun 1960, lebodofa, yana cike gurbin sinadarin ne kawai. Ba ya tayar da ƙwayoyin da suka mutu, ba ya kuma hana sauran bin su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8 da rabi, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25.

Da likitan ya gama duba shi, sai ya juyo gare ni da Faransanci, tunda ni ne ɗan boko. Abu uku ya faɗa: ciwon ba ya warkewa, kada a yi wasa da lokacin shan magani, kuma kada a bar shi ya zauna, ya ci gaba da tafiyarsa da aikinsa gwargwadon iko. Na isar wa Kawu na farko a sassauce, na isar da na biyu yadda yake. Na ukun na haɗiye shi. A raina na ce wannan maganar asibiti ce. Likita bai san rairayin hanyarmu ba, bai san abin da mutane za su ce ba in suka ga tsoho yana karkarwa a bayan awaki alhali ɗan ƙanwarsa na ɗaukar albashi. Yanzu in na duba, wannan dalili na ƙarshe shi ya fi nauyi. Mutuncina nake karewa, na sa masa suna tausayi.

Na sayo masa kujera mai shimfiɗa daga Maraɗi, aka kafa masa ita a zaure. Na sa aka sayar da awakin. Gona na raba wa 'ya'yansa. In ya miƙe zai je masallacin Juma'a da ƙafa sai a ce, "Kawu, ku zauna, a kawo amalanke." Ya yi gardama da farko, daga baya ya bari, domin mutumin da muryarsa ta yi ƙasa ba ya cin gardama a gidan da kowa ke magana da ƙarfi.

Sai maganar kuɗi. Na ɗauki bidiyon hannunsa yana rawa, bai sani ba, na tura a zaurukan WhatsApp na 'yan garinmu da ke Yamai da Agadas da Kano da Legas. Na haɗa da kalmomin da na san suna sa mutum ya taɓa aljihu. Aka kuwa yi gudummuwa, Allah Ya saka musu. Kuɗin suka shigo gaba ɗaya, suka kuma fita gaba ɗaya: bashin mota, wani mai magani da aka ce ya tayar da shanyayye, katifa, buhun shinkafa, maganin wata biyu. Da wata na uku ya kama babu ko dala, kuma ba ni da fuskar sake tura bidiyo.

Wani yaro ne ya nuna masa hoton a wayarsa. Da na zo gaishe shi bai ɗaga murya ba, ba shi ma da ita. Cewa ya yi, "Ɗan nan, ni da nake fid da zakkar gero, yau da hannuna ake bara?" Na ce don lafiyarku ne, Kawu. Ya ce, "To ai da ka tambaye ni."

Zaman kujera bai yi masa komai ba sai ɓarna. Jiki ya ƙage, cinyoyi suka zube, ciki ya riƙa ɗaurewa kwana da kwanaki, barci ya gagara. Faɗuwar da nake gudar masa a hanyar kasuwa ta same shi tsakanin zaure da bayan gida. Ya daina tambayar farashin awaki. Duk muka ce ciwo ne ke ci gaba, alhali rabin abin mu muka jawo shi.

A watan Mayun 2023 wani bidiyo ya zaga wayoyi: a birnin Leeds na Ingila, wani ƙaƙƙarfan mutum ya tura abokinsa a keken marasa lafiya tsawon gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195, abin da ya ɗan gaza tazarar Maraɗi da Gidan Runji. Da suka iso bakin layi sai ya ciro shi daga keken, ya rungume shi, suka tsallake tare. Mai turawar Kevin Sinfield ne, wanda ke cikin keken kuma Rob Burrow. Sun daɗe suna buga wasan zari-ruga a ƙungiyar Leeds Rhinos. A Disamban 2019 aka gano Burrow na da ciwon da ke kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarni, har mutum ya kasa tafiya da magana da haɗiya. Shekara guda bayan nan Sinfield ya yi gudun fanfalaki bakwai a kwana bakwai, saboda lamba 7 abokinsa ke sawa. Fam 77,777 ya yi niyyar tarawa, aka tara masa sama da miliyan biyu. Abin da na fara cewa da na gani shi ne, Turawa sun ƙoshi. Amma abin ya tsaya mini a rai, na shiga bincike, har na faɗa kan labarin da ya fi kama da namu.

Jimmy Choi Ba'amurke ne da aka gano yana da Parkinson a 2003, yana ɗan shekara 27. Shekaru ya yi yana kau da kai, jiki ya yi nauyi, ya koma dogara sanda. A 2010 ya faɗo daga matakalar bene yana ɗauke da ɗansa ƙarami. Daga nan ya soma tafiya kaɗan-kaɗan, tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, har a 2012 ya kammala gudun fanfalaki na Chicago. Ya ci gaba da gudu yana tara wa gidauniyar Michael J. Fox kuɗin bincike, shi ma Fox ɗin ɗan fim ne mai wannan cuta, a 2000 ya kafa ta. Abin da Choi ya yi wa kansa a shekarun zamansa, shi na yi wa Kawu da kujera.

Ba labarin mutum ɗaya ba ne kawai. A wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2018, an raba mutum 128 da ba su daɗe da kamuwa ba. Waɗanda aka sa su motsa jiki mai tsanani a kan injin gudu na wata shida, alamomin ciwonsu kusan ba su ƙaru ba. Waɗanda aka bari haka nan, nasu ya ƙaru. A Holan ma an samu makamancin haka a 2019 da keken motsa jiki na cikin gida. Sai dai kada a ɗora wa gudu abin da ba zai iya ba. Bai warkar da Choi ba, yana nan da ciwonsa da magungunansa. Ciwon Burrow kuwa wani iri ne dabam, mai saurin kisa, wanda ba a tsere masa da ƙafa. Ya rasu ranar 2 ga Yunin 2024 yana da shekara 41, washegari aka fara haƙa harsashin cibiyar masu irin ciwonsa da ke ɗauke da sunansa a Leeds.

Abin da ya fi ci mini rai a labaran nan biyu ba nisan gudun ba ne, matsayin mara lafiyar ne. Burrow da bakinsa ya yarda a ɗauki hotonsa a cikin gidansa, a nuna yadda jikinsa ke ƙarewa, don a san ciwon. Choi da ƙafarsa yake tara kuɗi, kuma ba aljihunsa suke shiga ba, na waɗanda za su kamu gobe ne. Dukansu masu bayarwa ne. Ni kuwa na ɗauki mutumin da ya saba bayarwa na mai da shi hujjar roƙo, ban nemi izininsa ba.

Ba ina cewa a shirya gudun fanfalaki daga Gazawa zuwa Agye ba. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan neman wata jinyar ce. Mu kokowa ce wasanmu, tun Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin zakaran kokowa na farko a Tawa a 1975, kuma tafiyar ƙasa ba a bakin komai take ba ga mutanen da mata ke yin kilomitoci da tulu a ka. Ƙarfin ƙafa muna da shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne taimako mai dogon numfashi. Hannunmu na buɗewa ga abin da ya faɗo farat ɗaya: gobara, rasuwa, tiyata. Ƙungiyoyin agaji ma haka idonsu yake, kan tamowar yara tun yunwar 2005, da zazzaɓin damina, da 'yan gudun hijirar da suka kwararo yankin Gidan Runji daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Duk sun cancanta. Amma tsohon da zai buƙaci ƙwaya sau uku ko huɗu kullum har ƙarshen ransa ba ya cikin lissafin kowa.

Dabarar ashe tana cikin gidan. Inna, matar Kawu, tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta soma da matan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama. Kowane mako suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, ba fashi, akwai kuma wani ɗan asusu na gefe don lalura. Ita ta ce mini, "Ku 'yan birni kuna son ku ba da da yawa sau ɗaya a gan ku. Ku ba da kaɗan kullum mana." Na ji kunya, don gaskiya ta faɗa.

Na je na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa maganar likita ta uku da na ɓoye. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko akuyar nan mai farin goshi na hannun wanda ya saye ta. Na roƙi mutanen zaurukan su goge bidiyon. Wasu sun goge, abin da ya riga ya bazu kuwa ya bazu. Muka koma wajen likita tare, wannan karon da Hausa aka yi magana, shi da mai ciwon, ni ina gefe.

Ya soma da zagaya gida yana dafa kafaɗar jikansa. Sai masallaci, sai bakin rijiya, sai gonar da ke kusa, da sanyin safiya bayan magani ya kama jiki. Mun koyi cewa ƙwayar ta fi aiki in an sha ta kafin abinci da ɗan lokaci, domin nono da wake da nama na rage mata shiga jini. Sai aka matsar da furarsa. Wani lokaci ƙafarsa kan liƙe a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga ta. Likita ya ce a ba shi amo ya bi, ƙirga ko tafi. Shi ya gano cewa in mata na lugude a tsakar gida ƙafar na saki da kanta, yanzu in ta liƙe salati yake yi da ƙarfi yana taka shi. Awaki biyu ya sake saye, da kuɗinsa na aya. Ba ya kai su kasuwa mai nisa, amma shi ke fitar da su kiwo.

Kuɗin magani kuwa mu 'yan'uwa muke zubawa kowane wata, kowa da abin da ya ɗauka wa kansa, Inna ke riƙe da littafin. Kawu ya kafa sharaɗi biyu: ba hoto, kuma in an samu rara a sayi ƙwaya wa wata tsohuwa a ƙauyen gaba da shi ya gane alamun ciwon a jikinta, ya sa 'ya'yanta suka kai ta asibiti. Shi da kansa yake taka ƙafa ya kai mata.

Ciwon bai tsaya ba. Bana hannun hagu ya soma, likita ya ƙara yawan ƙwayar, wani watan kuma sai an aika har Yamai ko Kano kafin a same ta. Abin da muke zubawa ya daina isa, dole a sake lissafi in an haɗu da Babbar Salla. Kawu ya ce a zaurensa za a zauna, kuma shi zai faɗi abin da kowa zai ƙara.