Tsirkiya Ɗari Biyu da Ɗoriya a Bagdadiyya

Akwai ɗan tabo a bayan hannuna na hagu, siriri kamar an ja zare. Jikokina sun ɗauka wuƙa ce. Wayar fiyano ce ta yi mini shi a Bagdadiyya ta Jidda, ina ɗan shekara goma sha huɗu.

Mahaifina kafinta ne, Bakano, ya zo aikin Hajji ya yi zamansa, irinmu da ake kira Takari. A Karantina muke kwana, amma abincinsa yana Bagdadiyya, arewa da tsohon gari, daf da tafkin Arba'in. Tun da aka rushe ganuwar Jidda a 1947 masu hali da baƙin ƙasashen waje suka riƙa gina gidaje a wajen. Da ofisoshin jakadanci suka kwashe zuwa Riyad a tsakiyar shekarun 1980, masu tafiya suka bar duk abin da nauyinsa ya fi kuɗinsa. Haka wani attajiri da Baba ke yi wa gyaran ƙofa da taga ya wayi gari da fiyano a falo, irin mai jingina da bango, baƙi, ƙirar Jamus, ya girmi maigidan kansa.

In ka taɓa shi sai ka ce tsohuwar garwa ake duka. Laimar Bahar Maliya ba ta raga wa ƙarfe, kuma na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa a kashe ta sa katakon ya yi ta kumbura yana motsewa. Aka kirawo wani dattijo Bamisire da kowa ke ce wa Mu'allim. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ce sai an sauya tsirkiya duka, kuma yana son yaro mai riƙe masa kaya.

Baba bai so ba. A wurinsa kiɗa sana'ar maroƙa ce, ko garaya aka kaɗa a gidan biki tashi yake. Sai da ya ga cikin abin, ya shafa allon da ke bayan wayoyin, ya duba yadda aka haɗa katakon babu ƙusa, sannan ya ce, "To, wannan ai kafinta ne ya yi shi. Je ka, amma ban ce ka koyi kaɗawa ba."

Ni da na san kuntigi da tsirkiya ɗaya, garaya da biyu, molo da uku, sai ga ni gaban waya sama da 220. Maɓallan 88 ne, amma galibinsu kowanne waya uku gudumarsa ke duka lokaci guda. Sai can ɓangaren manyan muryoyi ake samun bibbiyu da ɗaiɗai, masu kauri, an nannaɗe su da jan ƙarfe. Jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 18, kuma wani zubin baƙin ƙarfe ne ke ɗauke da shi. Shi ya sa Mu'allim bai yarda a tsinke su kai tsaye ba. Ya bi turakun da wayoyin ke naɗe a jikinsu ɗaya bayan ɗaya yana sassautawa kaɗan-kaɗan, daga wannan gefe zuwa wancan, har zagaye uku, don kada ƙarfen ya tsage. Ni kuwa gaggawa ta ci ni, na sa filaya na datse wata da ban tabbatar ta saki ba. Ta yi tsalle ta zane ni. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaure mini hannu da hankici, ya ce, "Ya walad, gode wa Allah ba ido ba ne."

Masu jan ƙarfen ba a sayensu a kasuwa. Ya shimfiɗa takarda a kansu ya goga fensir har wurin kowane turke ya fito, ya haɗa da samfuri ya aika Jamus a nannaɗo sababbi. Muka yi wata biyu muna jira, muna kankare tsatsa.

Ɗaurin shi ne abin kallo. Kafin in taɓa waya sai ya barbaɗa mini hoda a tafin hannu, domin gumin yatsa kaɗai ya isa ya shuka tsatsa, a Jidda kuwa gumi ba ya yankewa. Kowane rukuni da kaurin wayarsa, bambancin bai kai silin gashi ba, da ma'auni ake ganewa. Waya guda ce ake lanƙwasawa a ƙugiyar ƙasa ta dawo sama ta zama tsirkiya biyu. Ya soka bakinta a hudar turke, ya murɗa ta zagaye uku cif, a jere kamar zoben azurfa, sannan ya buga turken cikin katako da guduma. Sababbin turakun sun ɗan fi tsofaffin kauri, don ramukan sun buɗe da tsufa. In nannaɗin ya hau kan juna ko kaɗan, warwarewa yake a sake, ko da la'asar ta yi.

Ranar saiti ya fito da wani ƙarfe mai yatsu biyu, ya buga a gwiwa ya kara mini a bayan kunne. Karkarwa 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka amince da shi a Landan a 1939, kamar yadda na karanta daga baya. Daga wannan murya ɗaya ya fitar da sauran duka da kunne. Yana yi yana mita, wai fiyano kurma ne, tsakanin maɓalli da maɓalli akwai muryar da udu ke kamawa a waƙoƙin Talal Maddah, shi kuwa ba shi da ita ko za a shekara ana murɗa shi.

Na ɗauka an gama. Bayan mako biyu muka dawo, saitin ya zube. Raina ya ɓaci, na ce aikinmu ya lalace. Ya yi dariya ya ce sabuwar waya miƙewa take, ba ta zama a wurinta sai an yi ta dawo mata. Sau huɗu muka koma cikin shekarar kafin ta kwanta.

Rusau na 2022 ya share Karantina, har da gidanmu. Da na je Umara na bi ta Bagdadiyya, ban gane ƙofar attajirin ba, ban kuma tambaya ba.

A zuwanmu na huɗu wancan lokacin, Baba yana gidan attajirin yana gyaran taga. Da Mu'allim ya fita alwala, na ga Baba ya matso, ya waiga, ya sa yatsa ɗaya ya danna maɓallin ƙarshe na hagu. Muryar ta fito da kauri, ta cika falon, ta daɗe kafin ta mutu. Ya tsaya har ta ƙare, hannunsa ɗaya a jikin katakon. Sannan ya ce, "Itacen nan an busar da shi yadda ya kamata." Ya ɗauki zartonsa ya koma bakin taga.