Hayar Ruwa a Dubai

Har yau zuciyata ta ƙi amincewa da cewa ana biyan hayar ruwa. Ruwan da jirgi zai zauna a kai ya kwana nake nufi. A Dubai sai an auna tsawon jirginka daga hanci zuwa gindi, a yi maka lissafi a kan kowace ƙafa, na wata ko na shekara, kafin a nuna maka gurbin da za ka ɗaure shi. Nawa tsoho ne, na faiba, ƙafa 23, an ƙera shi tun kafin a haifi autana. Da na tambayi kuɗin shekara a wata tashar ajiye jirage, abin da aka rubuto mini ya zarce abin da na biya na sayi jirgin haɗe da injinsa. Ni da na tashi a Yawuri, inda mutum ke kafa turke a bakin kwata ya ɗaure kwale-kwalensa ya tafi gida ya yi barci, sai na riƙe takardar na rasa ta cewa.

Dangin mahaifiyata Sarkawa ne, a hannun kawunnaina na koyi riƙe filafili da gora, daga baya kuma na koyi jan igiyar Yamaha mai doki 40. Makaranta ta raba ni da kogi, kasuwa ta ƙarasa rabawar. Na shafe shekaru a Deira ina harkar aika kaya gida, kullum ina ƙetare mashigar ruwan Khor Dubai a abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke kai mutane Bur Dubai a kan dirhami 1. Duk lokacin da matuƙin ya karkata gindin jirgi zai jingina da gaɓa, sai in ji hannuna na motsi da kansa. Da yara suka karɓi yawancin aikin ofis, sai kewar ta taso mini gadan-gadan, na fara leƙa tallace-tallacen tsofaffin jirage a shafin Dubizzle.

Mutanen garin nan 'yan ruwa ne na asali, wannan kam ban yi musu ba. Kafin fetur, nutso neman lu'ulu'u da su da fatauci zuwa Indiya da gabashin Afirka ne abincinsu. A ƙarshen shekarun 1950 Shaihu Rashid bin Sa'id ya sa aka yashe bakin Khor don manyan jirage su shigo, daga nan garin ya tashi. Har gobe in ka je Al Jaddaf za ka tarar da kafintoci na haɗa jiragen katako da hannu, kuma a can aka ƙera jirgin Obaid, wanda ya haura mita 91, aka sa shi a kundin Guinness a 2020. Tun 1991 suke tseren Al Gaffal daga tsibirin Sir Bu Nair zuwa Dubai, don tunawa da dawowar masu nutso. Ranar da na kalli jiragen sun doso da fararen tutocin iskarsu, bikin Rigata na Yawuri ya faɗo mini a rai, har idona ya kawo ruwa. To, mutanen da suka san ruwa haka, yaya aka yi suka mai da shi fili ana yanka shi ana ba da haya? Sun cike teku sun yi Palm Jumeirah, sun haƙa ƙasa sun yi Dubai Marina, sun buɗe sabuwar mashigar ruwa ta ratsa gari a 2016, Dubai Harbour kaɗai na da gurabe wajen 700. Gaɓa ta ƙaru ninkin ba ninkin, amma ba taku ɗaya da ba ta da mai ita.

Mafita ita ce tirela. Duk wanda zai sayi ƙaramin jirgi a nan, ya nemi wanda ke da tirelarsa, ya tabbata ita ma tana da rajista, ya kuma tabbata motarsa na iya jan ta. Na samu wani yadi a bayan gari inda ake ajiye jirage a tudu, kuɗinsa bai kai rabin rabin na kan ruwa ba. Ajiya a tudu tana da wani amfanin ma. Tekun nan ya fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin wurare wajen 35 ne, ga shi da zafi, da bazara yana haura digiri 30. Jirgin da ya zauna a ciki 'yan makonni sai ka ga wasu ƙananan halittu masu ɓawo sun manne wa cikinsa, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Mai ajiya a ruwa dole ya riƙa fito da jirgi ana kankarewa ana shafa fenti na musamman. Wato bayan hayar, ga wani kuɗin kuma.

Kafin ka biya ko sisi, ka duba bangon baya inda ake rataya inji. A tsofaffin jiragen faiba katako ne a tsakiyarsa, ruwa na bin ramukan ƙusoshi ya shiga ya ruɓar da shi, daga waje kuma ka ga fenti fes. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma ko'ina. In ya amsa da ƙarfi, lafiya lau. In ka ji sautin ya mutu, akwai ruɓa. Ka ɗaga inji ka danna shi da nauyinka, ka ga ko bangon na lanƙwasa. Nawa da saninsa na saye shi, ruɓar ce ta sa aka rage mini kuɗi. Da ni da wani kafinta mutumin Kerala muka yanke fatar ciki, muka ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon, muka bar shi ya bushe sarai, muka sa sabon fulawud na ruwa, muka rufe da yadin faiba da gam hawa-hawa. Wajen goge faiba ka rufe hanci da baki, ka sa riga mai dogon hannu, don ƙurar na shiga fata ta hana barci. Kada kuma ka fara wannan aiki da bazara. Gam ɗin na sandarewa a cikin gwangwani kafin ka shafa, kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00. Daga Nuwamba zuwa Maris shi ne lokacin.

A kan inji ne na fi jin alfahari da gida. Makanikin farko da ya duba nawa bai ko kwance shi ba, ya ce in sayi sabo, don kuɗin awanninsa zai kusan kai haka. Na kira ƙanena a Yawuri na ɗora wayar kusa da injin, na tayar. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, “Yaya, wannan ai lafiyarsa ƙalau. Kafireta ce ta toshe, kuma ba ya fitsari sosai. Ka duba robar famfo.” Haka kuwa aka samu. Yaranmu na bakin kwata, waɗanda ba su taɓa ganin littafin kamfani ba, da kunne suke gano ciwon inji, su tashe shi da abin da ke hannu. A nan hannun ƙwararre ne ke da tsada, kaya kuwa ga su nan birjik. Don haka in kana da ilimin gida, ka riga ka ci rabin riba. Unguwannin masana'antu na Sharjah cike suke da shagunan kayan inji, sabo da na hannu. Ka tafi da tsohon abin a hannunka da lambar injin a rubuce, in ba haka ba za ka yi sawu biyu.

Sai dai ilimin gida na ruwan daɗi ne, teku kuwa wani malami ne daban. A kogin Kwara inji kan shekara yana aiki ba wanda ya wanke masa ciki. A nan duk ranar da ka fito, sai ka haɗa masa tiyo ka bar ruwan famfo ya zagaya cikinsa kamar minti goma, in ba haka ba gishiri ya daskare a hanyoyin sanyaya shi. Akwai 'yan guntayen ƙarfen tutiya da ake ɗaura wa ƙafar inji, su gishiri ke ci ya bar injin. In sun cinye rabi ka sauya, kuma kada a shafa musu fenti. Robar famfo ka sauya ta duk shekara ko da ba ta nuna komai ba. Wayoyin lantarki na cire su kaf na sa irin na jirgi masu rufin dalma, don na mota koren tsatsa ke cinye su ta ciki. Kowace ƙusa da noti su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316. Tankin mai a zuƙe tsohon fetur a wanke. Tayoyin tirela a riƙa cika musu giris, su ma suna shiga gishiri duk saukarwa. Rana kuma na cin kujeru da igiyoyi da robobi fiye da yadda ruwa ke ci, saboda haka tamfol mai kyau ba almubazzaranci ba ne.

Daga nan sai takardu. Hukumar kula da harkokin ruwa ta Dubai ce ke yi wa jirgi rajista, kuma ba ta yi sai an duba shi an ga ya cancanta, an ga inshora. Matuƙi ma sai ya yi kwas ya samu lasisi, ko da a cikin kwale-kwale aka yanke masa cibi. Mai duba nawa ya ƙirga rigunan kariya ɗaya bayan ɗaya daidai da yawan mutanen da aka yarje wa jirgin, ya duba abin kashe gobara, fitilu, anga, akwatin magani. Akwai na'urar da masu gadin teku ke ganin inda kake da ita. Ƙugiya ma ba ka jefawa sai da izini, su na sana'a kuwa na 'yan ƙasa ne. Da farko raina ya ɓaci, ina ganin an mai da hawa ruwa aikin ofis.

Amma yana ƙirga rigunan nan sai Wara ta faɗo mini. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, har da mata da yara, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah Ya jiƙan su. Kowa a yankinmu ya san dalilan: lodi fiye da ƙima, tsohon katako, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ga tafiyar dare ba fitila. Muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, hedikwatarta na Lakwaja, muna da Sarkin Ruwa a kowace kwata. Abin da muka rasa shi ne mutumin da zai tsaya ya ce jirgi ya cika, a kuma ji maganarsa. Nan kam na yi hassada, ba zan ɓoye ba.

Wani abokina ɗan Kano da muke zama da shi a unguwar Naif ya ce mini, “To Alhaji, ai ka ga amfanin kuɗin da kake ƙorafi a kai. Tsari ba ya zuwa kyauta.” Na daɗe ina juya maganar, amma ban yarda ba. Kuɗin gurbi na masu tashar ne, abin da yake saya shi ne katakon takawa mai sheƙi da mai gadi da wurin shan shayi. Tsaron rai yana wani wuri. Abra ta ishe mu hujja. Jirgin katako ne, injinsa na dizal, ba abin da ya fi namu na fito. Mutum 20 yake ɗauka, in sun cika matuƙi ya kunce igiya ko da layi ya kai titi, don hukumar sufuri ta RTA na sa ido, shi ma ya san lasisinsa ne a bakin. Lebura da attajiri na zama kafaɗa da kafaɗa a kan dirhami 1, su sauka lafiya. Wannan ba ya buƙatar arzikin fetur. Ƙirga ce kawai da tsayawa a kan magana, kuma ƙungiyar masu fito ta kowace kwata za ta iya yin ta gobe in ta so. Abin da ba na fata a kwaso mana shi ne ɗayan, ranar da za a killace bakin Kwara a ce ɗan Basarke sai ya biya kafin ya ɗaure jirgin ubansa.

Yanzu jirgin na tafiya. Nakan sauke shi bayan sallar asuba, in ranar ba ta aiki ba ce ma in riga mutane, don layin saukarwa kan yi tsawo. Mai shirin fita ya duba hasashen Cibiyar Yanayi ta Ƙasa tun dare. Iskar shamal da ke busowa daga arewa maso yamma kan tayar da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci, kuma igiyar teku ba ta yin irin ta tafkin Kainji, gajera ce mai duka a jere. Ka ɗauki ruwan sha fiye da yadda kake zato, ka raba manka uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Ka nisanci hanyar manyan jirage ta Jebel Ali da wuraren da aka yi wa alamar hani. Jikokina ba wanda ke taka jirgin sai da riga a jikinsa an ɗaure ta tsaf, ni ma haka. A kayan da zan tura gida wata mai zuwa na sa katan biyu na rigunan, na manya da na yara, da sunan ƙanena a kai.