Daga Illela Zuwa Zariya Ni Kaɗai a Mota

'Yar'uwa, idan kina tuƙi da kanki, kin san tambayar da ake fara jefo miki da zarar an ji za ki yi doguwar tafiya babu namiji a motar: "Ba ki jin tsoro?" Tsoro kam akwai shi. Sai dai mahaifiyata tana Zariya, ni kuma aikin jinya ya ajiye ni a Illela, ƙofar Ƙonni, kuma maigida ba kullum yake samun sarari ba. Sau uku ko huɗu a shekara nakan ɗauki hanyar nan mai kusan kilomita 500: Gwadabawa, Kware, Sakkwato, Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Giwa, sannan Zariya.

Duk lissafina a kan rana yake. Kowa ya san halin da hanyar Zamfara take ciki, ba wurin da za ki bari magariba ta riske ki ba ne. Saboda haka kowace tsayawa daga cikin hasken rana ake cire ta. Nakan tashi da zarar gari ya waye, kuma tun a gida na yanke inda zan tsaya: Sakkwato, Gusau, Funtuwa. A kowannensu nakan haɗa komai wuri guda, mai da abinci da bayan gida da kiran waya.

Mu fara da mai. Mu mutanen bakin iyaka mun ga jiya tun Nuwamban 2019, lokacin da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga kuma cire tallafi a Mayun 2023. Don haka a Sakkwato nake cika tanki, in ƙara a Gusau ko da allura ba ta sauka rabi ba. Kada ki jira jar fitila ta kama, domin za ta kama ne a inda babu kowa sai 'yan bumburutu, ko ma babu su. Ki riƙe tsabar kuɗi, don sabis yakan ɗauke. Jarkar mai a cikin mota kuwa, da zafin nan namu, ba na ba ki shawara.

Sai abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Mata da yawa sukan ƙaurace wa ruwa tun daren tafiya, wai don kada fitsari ya matsa musu a hanya. Ƙishirwa tana kawo ciwon kai da jiri, tana rage kaifin hankali, ga ki riƙe da sitiyari. Yawan riƙe fitsari kuma yana buɗe wa ciwon mafitsara ƙofa, wanda dama ya fi kama mu mata. Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan kin ga fitsarinki ya yi duhu, jikinki ruwa yake nema. Batun makewayi, ki zaɓi babban gidan mai, ki tafi da butarki da sabulu. In bai yi miki ba, ki yi sallama a gidan da ke bakin titi cikin gari. Ban taɓa yin sallama matan gida suka hana ni kewayawa ba.

Abinci kuwa, ki ci don ki tsaya da ƙafarki. Tuwo ko shinkafa malmala guda da tsakar rana, a bi da fura mai sanyi, wannan gayyatar barci ce. Ni dabino nake ɗauka, da gyaɗa, da dafaffen ƙwai, da ɗan kilishi, sai shayi a filas. Na titi kuma, in ba da zafinsa aka sauke a gabana ba, na haƙura. Gudawa a tsakanin Tsafe da Funtuwa ba abin wasa ba ce.

Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Ba na kama hanya washegarin aikin dare, komai matsi. Idan kika fara jera hamma, ko kika kasa tuna ƙauyen da kika wuce yanzu, goro da rediyo ba za su cece ki ba. Ki samu wuri mai jama'a cikin gari, ki kulle ƙofa, ki ɗan sassauta gilashi, ki rintsa minti 15 zuwa 20. Addini ma ya yi wa matafiyi sauƙi: a Funtuwa nake haɗa Azahar da La'asar, in yi ƙasaru, alwalar kuma ta wartsake ni.

A kowace tsayawa ki kira gida ki faɗi inda kike. Baƙon da ya tambaye ki inda kika nufa, ki bar shi da "nan gaba kaɗan". Kuma idan mota ta ɓata miki lokaci har La'asar ta same ki a Gusau, ki kwana wajen 'yan'uwa ko a masauki. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Yaran da kika bari a gida dawowarki suke jira, ko da an ƙara kwana ɗaya.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.